Sulhun da Na Je Yi da Masu Wuri

Tun da na dawo daga kudu ban ƙara yin aski cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a gabana, kafin in gama jiƙa masa kai sai ya ce, "Wanzam, wai da gaske ne abin da Tabawa take faɗa?" In na soma ba da labari kuma sai mutum ya tuntsure da dariya aska tana bisa kansa, har saura kaɗan in raba wani dattijo da kunnensa. Tabawa yayata ce, tare muka yi tafiyar, ta kuwa riga ni baza labarin daga Kiru har Bebeji, ta zuba masa gishiri son ranta. Shi ya sa na ce tunda na shiga ajin manya na koyi boko, bari in rubuta da hannuna. Wanda ya tambaya in miƙa masa ya koma gefe ya karanta, ni kuma in yi sana'ata.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata ta fari tana auren wani mutumin kirki, Haladu. Da gyaɗa ta yi daraja, gonar gidansu kuma ta yi musu kaɗan, sai shi da waɗansu 'yan'uwansa suka gangara kudu, can bayan Doguwa, suka sari daji suka kafa tunga. Kakar farko suka aiko mana da dawa da zuma, muka yi ta sa albarka. Ana nan, ran nan da bazara ina zaune a rumfata sai ga wani mai jakunan kanwa ya yi sallama, ya ce Haladu ya ba shi saƙo. Saƙon gajere ne. Masu wuri sun taso musu, sun cinye rumbuna, sun kwantar da mutane, 'yata ma tana kwance ba ta san inda kanta yake ba.

Na tambaye shi su wane ne masu wuri. Ya ce shi dai haka aka gaya masa a kasuwar Doguwa, bai taka tungar ba.

Ban tsaya dogon tunani ba. Na ce ai magana a fili take: yaran nan sun sari dajin da ke da masu shi, ba su gai da kowa ba, mutane suka fusata. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a unguwarmu in rigimar iyakar gona ta tashi ni ake kira, don wanzami ya taɓa kan kowa, ba mai yi masa girman kai. Na ƙudura in je in ga yarinyar, in nemi mutanen nan in ba su haƙuri, su janye abin da suka yi mata. Na ninke babbar rigata ta Salla, na naɗe goro mai kyau a ganye, na rataya zabira. Uwarta ta ƙulla mini kuka da daddawa.

Na fara biyawa ta Kiru, don Yaya Tabawa ce ta yaye yarinyar ta riƙe ta har aure, da na wuce ban gaya mata ba, da na shiga uku. Niyyata in sanar da ita kawai. Kafin in rufe baki ta ɗaure kaya. Ta ɗauko tukunya, da ludayi, da turaren hayaƙi, har da muciyarta, wai ba ta yarda da muciyar mutanen kudu ba. Da na faɗa mata shirina na sulhu sai ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Audu, kai har yanzu ba ka yi wayo ba. Masu wuri ai iskokai ne, wa ya taɓa kai wa iska goro?" A kan wannan muka yi ta musu daga ƙofar gidanta har inda za ku ji.

Mijinta ya ba mu aron jaki, wani tsohon jaki mai ra'ayin kansa. Ba ya gudu, ba ya shura, aibinsa ɗaya: duk inda ya ga yashi mai sanyi sai ya durƙusa ya yi birgima, da kaya da komai. Ni kuma ina biye da shi ina bitar jawabin da zan yi wa masu wuri, ina gwada inda zan sassauta murya da inda zan ɗaga. Tabawa ta ce a duk ƙasar Kano jakin nan ne kaɗai zai saurare ni har ƙarshe.

A Badafi muka sauka a zauren mai unguwa. Wanzami ba ya rasa masauki, da na buɗe zabira sai kawuna suka jeru. Aka kawo mana ɗanwake da man gyaɗa da yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa. Da na ba da labarin abin da ya fito da mu, sai mutanen zauren suka rabu biyu. Waɗansu suka bi bayan Tabawa, waɗansu suka ce Fulani ne aka nome musu burtali. Wani mai hakimcewa ya rantse ya san mutanen, dogaye ne, a kan duwatsu suke kwana. Da na matsa masa ya kwatanta mini hanyar garinsu sai ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba.

Da muka fito babbar hanya muka yi sa'a, wata motar gyaɗa za ta Tudun Wada ba kaya. Muka bar jakin a hannun wani abokin mijin Tabawa, raina fes. Yaya ba ta taɓa shiga mota ba. Da injin ya tashi ta rungume tukunyarta, ta runtse ido, ta yi ta salati har direba ya leƙo ya ce ko wani ya faɗi ne. Ba a yi nisa ba ta buɗe ido ɗaya. Can sai na ji tana gaya wa wata mata cewa itatuwa ne ke gudu, mu muna zaune. Da muka iso aka ce a sauka, ita ce ta ƙarshe, tana mita wai tafiyar ba ta yi tsawo ba.

Mun tarar da Tudun Wada ranar kasuwa, gari ya cika maƙil da shanu da masu nono. Na nemi gidan wanzaman garin, suka karɓe mu kamar mun shekara tare, aka yi mana tuwon shinkafa. Askinsu ya ɗan bambanta da namu, su daga ƙeya suke farawa, abin da na gaya musu a fili ba daidai ba ne, suka ce to in na zama sarkin askarsu in hana. A nan ne malamin asibitin garin ya zo gyaran fuska, wani siriri mai yawan shiru. Na karɓi aikin don in sami bakin magana. Da na ambaci tungar su Haladu sai ya ɗaga mini hannu in tsai da aska. Ya ce an sha kawo masa mutane daga sababbin tungogin can, ciwon iri ɗaya: zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙugu, ido ya kaɗa ya yi ja, daga baya fitsari ya ɗauke. Wanda fitsarinsa ya dawo ya tashi, wanda bai dawo ba sai haƙuri. Ya ce gaskiya bai san sunan ciwon ba, abin da dai ya lura shi ne yawancinsu masu shiga rumbu ne da mata masu shiƙa. Ya ba ni ƙwayoyin zazzaɓi, ya ce a riƙa ba ta tafasasshen ruwa kaɗan kaɗan. Sa'an nan ya dubi zabirata ya ce, "Don Allah, Wanzam, kada ka yi mata ƙaho. Jininta tana bukatarsa." Na ji zafin maganar, amma na yi alkawari. Batun masu wuri kuwa ya ce shi baƙo ne daga Birni, bai san su ba.

Daga Tudun Wada sai ƙafa. Gaba kaɗan akwai iyakar gandun daji, inda ba a sara, ba a sa wuta, ba a farauta. A bakin iyakar wani dogarin daji ya tsai da mu, ya ce a kwance kaya ya ga ko da gatari. Bai sami gatari ba, ya sami muciya. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce wannan itacen gwamnati ne. Tabawa ta tambaye shi ta yaya itacen da bai riga ya shiga daji ba ya fito daga daji, ta kuma sanar da shi muciyar nan ta girme shi. Na shiga tsakani, na ga gashinsa ya yi yawa, na zaunar da shi a kan kututture. Kafin in gama mun zama aminai, har ya ba mu zuma a ɗan kasko. Na tambaye shi masu wuri, ya bugi ƙirji ya ce nan dai En'e, wato hukumar Sarki, ita ce mai wuri, shi kuma wakilinta.

Shi ya haɗa mu da waɗansu Fulani masu ratsa dajin da shanunsu, don ba a shiga mutum biyu kawai. Babbansu wani dattijo ne fari sol, ana kiransa Baffa. Ya ga Tabawa tana ɗingishi ya sa aka ɗora ta a kan takarkari, ta zauna daram bisa kayan ƙwarya kamar amarya. Muna cikin tafiya wani daga cikinsu ya nuna kan dutse ya ce, "Ga gwaggo can." Tabawa, wadda duk 'ya'yanmu ke kira Gwaggo, ta amsa da "Na'am." Ashe gwaggon biri yake nufi, wani ƙato yana zaune yana sosa ciki. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, na rama duk abin da ta yi mini tun daga Kiru.

A bakin kogi muka yada zango, ruwa ya janye sai yashi. Matan suka dama mana fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, cokali yana iya tsayuwa a ciki. Da na ga Baffa ya sake, sai na kewaya na kewaya na tambaye shi ko su ne masu wurin da aka ɓata wa rai. Ya yi murmushi ya ce su ba sa daɗewa a wuri balle su mallake shi. Amma ya san inda tungar take, mashekarinsu ne na rani a da. Ya ce gamba ce a wurin ta fi kan mutum, ga kaɗanya da ɗorawa, kowane kogon itace da mujiyarsa, shirwa a sama, tunku da macizai a ƙasa. Yanzu an ƙone an tumɓuke, an sare itatuwan, macijin da ya fito an kashe. Ya ce, "Masu fukafukai sun tashi. Ƙananan da ke cikin ciyawa kuwa ba su da fukafukai, dole wani wuri suka shiga." Na gyaɗa kai kamar na fahimta, alhali hankalina yana kan jawabina.

Doguwa ƙasar duwatsu ce, ga sanyi sanyi ko da bazara. A nan aka ba mu gwaten acca. Mu a Bebeji abinci shi ne abin da za ka yanka da hannu ka ji nauyinsa, wannan kuwa sha ake yi, na sha ƙwarya guda na tashi ina tambaya yaushe za a kawo abincin. Tabawa ta taka mini ƙafa. Daga baya na gane yana riƙe ciki, har na nemi ƙari da za mu tashi.

Da hantsi muka iso tungar. Tun daga nesa na ga abin da Baffa ya faɗa: fili fetal, kututture baƙi ƙirin ko'ina, bukkoki a tsakiya, kowane gida rumbunsa manne da ɗakin kwana don tsoron birai. Haladu ya taro mu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, ya rame sai ido. Tabawa ba ta tsaya gaisuwa ba ta faɗa ɗaki. Da ta fito na ga bakin nan nata da ba ya rufuwa ya rufu. Na leƙa daga bakin ƙofa. Yarinyar tana kwance a kan tabarma, fuska ta kumbura, ido jawur, tana kallona ba ta gane ni ba. Haladu ya ce an riga an binne matar wansa da irin wannan ciwon. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Tsoron ya juye ya zama fushi. Na zura babbar riga, na naɗa rawani, na ɗauki goro, na ce wa Haladu ya kai ni wurin babban masu wuri yanzu yanzu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai..." Na ce ba ai, ya wuce mu je. Kun san kunyar suruki, ba zai iya musa mini ba, ba zai iya yi mini bayani ba. Ya tashi ya shige gaba, mazan tungar suka biyo mu a baya suna kallon juna. Ba mu fita daga gidan ba ma ya tsaya a gindin rumbu. Na ɗauka a bayan rumbun za a zauna, na gyara murya, na yi sallama da ƙarfi. Haladu ya hau, ya ɗage hular rumbun, ya bugi cikinsa da sanda.

Jama'a, sai ga su suna zubowa kamar an kwance bakin buhu. Ɓeraye ne, amma ba irin namu na gida ba, 'yan ƙanana jajaye, waɗansu da zane a gadon baya. Suka bi ta kan takalmina, ɗaya ya haura ya shige hannun riga. Abin da na yi a wurin Tabawa tana kiransa rawa, ni dai na san neman tsira nake. Rawani ya warware, goro ya watse. Tabawa ce ta fara fashewa da dariya, hawayen da ta fito da su daga ɗaki ba su ma bushe ba, sai duk tungar ta ɗauka, har Haladu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Daga baya suka ce rabonsu da dariya tun kafin a buɗe rumbuna.

Dattijon tungar, Baba Magaji, shi ya warware mini. Ya ce da suka sa wa ciyawa wuta sun ga yadda 'yan halittun nan suka yi ta gudu, sai ya san garin wasu suka ƙone. Da suka dawo suka cika gidaje, ciwo kuma ya biyo baya, sai ya hana a kashe su, ya hana a ambaci sunansu, don in ka kira sunan abu ya ji, zai zo da danginsa. Aka koma ce musu masu wuri, har 'yar tsaba ake zuba musu a bayan ɗaki. Na ce, "Baba, ɓera ne fa." Sai na ga mutane suna waige waige kamar na zagi hakimi.

Na ga faɗa ba zai yi ba, sai na koma ga abin da na iya. Kawunan mazan duk sun yi buzu buzu, na shimfiɗa buzu a inuwa na fara aski, ina tambayar kowa wa ya kwanta a gidansa, me yake yi kafin ya kwanta. Amsar ta yi ta zuwa iri ɗaya da ta malamin asibiti. Wanda ya shiga rumbu ya share, ya kwanta. Matar da ta sheƙe tsohuwar dawa ƙura ta bugi fuskarta, ta kwanta. 'Yata ita ta share rumbun Haladu da ya tafi kasuwa. Waɗanda suka yini a gona ba abin da ya same su. Na sa kai cikin rumbun na ji zarnin fitsarinsu, ga kashinsu ya gauraye da ƙura. Allah ne masani, amma ni a raina na gamsu ciwon a cikin ƙurar nan yake.

Da na zo kan Baba Magaji na yi masa askin a hankali. Ban ce ya yi kuskure ba. Na ce na yarda su ne masu wuri, amma a garinmu in maƙwabta suka saɓa, iyaka ake ja musu, ba a haɗa su ɗaki ɗaya. A bar musu ciyawar bakin rafi kada a ƙara sa mata wuta, a bar sauran itatuwan da ke tsaye, wannan nasu ne. Cikin gida kuma namu ne, wanda ya ƙetaro ya ja wa kansa. Na gaya masa maganar Baffa, wadda sai a lokacin na gane ta, na ce a daina jifan mujiya, don ashe ita ce ke rage su. Ya ce mujiya fa. Na ce ni ma ba ƙaunarta nake ba, amma ban taɓa jin ta shiga rumbun kowa ba. Da na gama ƙeya sai ya ce wannan sulhu ne na mutunci, ya karɓa.

Aka shiga aiki. Kowa ya rufe hanci da baki da rawani ko ɗankwali, a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya don kada ƙura ta tashi. Aka fito da hatsi aka baza a rana, aka ƙone tsofaffin jinkaye, aka fara gina sababbin rumbuna nesa da ɗakuna, a kan duwatsu, aka yaɓe su sumul. Wani ya je Doguwa ya roƙo kyanwoyi. Babbar rigata da na rataye a bukka kuwa, da na sauko da ita na tarar an yi mata tagogi a gaba da baya. Tabawa ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta ce masu wuri sun karɓi gaisuwa.

Duk wannan hidimar ina yin ta ne don kada in zauna, domin a ɗaki abin gaba yake yi. Fitsarin yarinyar ya ɗauke kamar yadda malamin ya faɗa. Tabawa tana ɗura mata ruwa da cokali, ni ina kewaya bukkar, ƙahona yana cikin zabira hannuna yana ƙaiƙayi. Na yi wa mutanen da ban sani ba magani iyakar rayuwata, ga tawa a kwance ba abin da zan iya.

Ran nan bayan azahar Tabawa ta leƙo ta yafuto ni. Ta ce tun safe take kiran yarinyar ba ta amsawa. Na shiga na durƙusa. To, kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Tun ranar da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. "Ke" nake ce mata, in zan yi zancenta in ce "ta wajen Yaya." Haka ubana ya yi wa Tabawa, ban kuma taɓa ganin abin a bakin komai ba. Amma da na kama hannunta na ji shi kamar ba kowa a ciki, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Rakiya."

Na sake faɗa. Ba ta motsa ba, fatar idonta ce kawai ta ɗan yi rawa. Na tashi na fita bayan zana, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar uwarmu.

Ba a daɗe ba Allah ya kawo sauƙi. Wata safiya ina wasa aska sai na ji guɗa ta tashi daga gidan Haladu. Tabawa ce ta fito tsakar gida, ɗankwali a hannu, tana shela wa duk tungar cewa yarinya ta yi fitsari. Mata suka fito suka taya ta guɗa. Ni dai a rayuwata na ji guɗar aure, na ji ta haihuwa, ban taɓa jin ta fitsari ba sai a ƙasar Doguwa. Haladu ya rasa inda zai sa kansa don kunya da murna, ya kama akuya ya yanka. Kumburin ya soma saɓewa, ta nemi koko, daga nan ta ce ita tuwon dawa miyar kuka take so irin na Gwaggo. Tabawa ta zaro muciyarta tana hararata. Sauran marasa lafiyar ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kuma har muka taso ba wanda ya sake kwanciya.

Hanyar dawowa ba wani labari a cikinta, sai dai Tabawa ta ƙi jaki ta ce sai mota. Abin da ya rage in faɗa na ranar da muka bar tungar ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma suna gyaran gona. Mutane suka rako mu har bakin rafi, Baba Magaji ya ba ni tulun zuma. Yarinyar ma ta matsa sai ta fito, tana dogara sanda, Haladu yana biye da ita. Ta durƙusa a gefen hanya. Na kau da kai yadda na saba, na ce, "Ke, ki riƙa rufe abinci, kada kuma in ji kin ƙara shiga rumbu."

Ta ce, "To, Baba." Kanta yana ƙasa, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Can ta ƙara da 'yar ƙaramar murya, "Ashe ka san sunana."

Na tsura wa wata kaɗanya ido. Na ce, "Ni na zaɓa miki shi."

Daga nan na gyara zabira a kafaɗa na wuce gaba da sauri, don kada surukina ya ga idona.